Rimi, obeche, malaina ko maɗaci: da wane itace za ka sassaƙa kifin ƙarya?

Kifin ƙarya ɗan guntun itace ne da ake feƙewa a siffar kawara ko 'yar ƙaramar karfasa, a binne masa dalma a ciki, a rataya masa ƙugiyoyi a ciki da wutsiya, a kafa masa ɗan harshe a ƙarƙashin haɓa. In aka jefa shi ana janyowa, ruwa ya daki harshen nan, sai ya ɗan nutse yana kaɗa gindi kamar kifin da ya ji ciwo. Tsage da giwan ruwa da tufi, masu cin 'yan'uwansu, su ne ke kai masa cafka. Tarwaɗa takan taɓa jefi-jefi. Karfasa da kurungu kuwa ko kallo bai ishe su ba, saboda haka wanda kifin miya ya fito nema gara ya riƙe tanarsa da mamarinsa, sun fi cika tukunya. Wannan aiki na mai sha'awa ne, wanda yake so ya ga abin da ya feƙe da hannunsa ya yaudari tsage a Tiga ko a Kogin Haɗeja.

Inda mai farawa yake cijewa shi ne itace. Masu wannan aiki a ƙasashen waje sun fi ambaton balsa, itace marar nauyi da galibinsa daga ƙasar Ekwado yake fitowa, kuma ba za ka same shi a 'Yan Katako ba. Abin da ke hannunmu shi ne reshen rimi da iska ta karya, guntayen obeche da malaina a shagon kafinta, sai maɗaci da darbejiya da danya a wurin masassaƙa. Kowanne yana yin kifi, amma ba kifi iri ɗaya ba.

Abubuwan da za a auna su da shi

Na farko kuma babba shi ne nauyin itacen idan aka gwada shi da ruwa. Gwajin ba wuya: yanki busassun guntaye masu faɗi, kaurinsu ɗaya, ka saka a roba cike da ruwa. Gwargwadon abin da ya nutse na kaurin, gwargwadon nauyin itacen ke nan. Rimi kan nutse kusan kashi 3 cikin 10, obeche kusan 4, malaina wajen rabi, danya kusan 6, maɗaci da darbejiya 7 zuwa 8. Kirya da ƙyar take leƙo kai, wata ma ƙasa take tafiya.

Me ya sa wannan ya fi komai? Ɗauki kifi mai tsawon santimita 10, tsayin jiki ɗan sama da 2, kauri 1.5. Jiki irin wannan yana ture ruwa kusan giram 18, wato duk abin da za ka ɗora masa in ya haura giram 18 ya nutse. Ƙugiyoyi biyu masu baki uku da zobbansu, waya, harshe, fenti da gam na sama sukan cinye giram 5 zuwa 6. In jikin na obeche ne, nauyinsa wajen giram 7, ka ga akwai sauran giram 5 da ɗoriya da za ka iya cikawa da dalma. In na malaina ne, giram 9, saura 3 da ɗan abu. In na maɗaci ne, giram 13 zuwa 14, tun kafin a kawo maganar dalma ya riga ya nutse. Ita kuwa dalmar nan ba don nauyi kaɗai ake sa ta ba. Zamanta a can ƙasan ciki, da sauƙin itacen da ke samanta, su ne ke tsayar da kifin a miƙe, ya kaɗa ya dawo, ya kaɗa ya dawo. Jikin da nauyinsa ya bazu ko'ina daidai ba shi da abin da zai dawo da shi, sai ya kwanta gefe ko ya riƙa juyawa kamar farfela yana murɗe maka zare.

Na biyu riƙo. Ko itacen zai riƙe wayar da ƙugiya take rataye a kai in babban kifi ya fizga, ko kuma zai jure haƙoran tsage, waɗanda suke kamar ƙusoshi a jere. Na uku shan ruwa, domin itacen da ya jiƙe yakan kumbura, fenti ya tsage, nauyi ya canza, rawar ta mutu. Na huɗu yadda yake bin wuƙa da samfefa. Sai samuwa da kuɗi, da cutarwar da ke tattare da aikin.

Akwai kuma abin da ba a jikin itacen yake ba amma shi yake yanke hukunci sau da yawa: yadda za ka jefa. Mai sanda da injin naɗe zare yana iya wurga kifi mai giram 12 ya yi nisa. Wanda zarensa a jikin gwangwani ko kwalba yake naɗe, yana wulwulawa da hannu, abin da bai kai giram 20 zuwa 25 ba a gabansa zai faɗo, balle in iskar hunturu tana busowa ta fuska. Mai kwalekwale da zai saki zare a baya yana tuƙi a hankali, shi nauyin jifa bai dame shi ba sam.

Rimi

A cikin itatuwanmu rimi ne ya fi kusa da balsa. Wuƙa tana shigarsa kamar rogo, cikin rabin awa ka fitar da siffa. Da yake ba shi da nauyi, kana da damar sa dalma giram 4 zuwa 5 a kifin santimita 10 kuma ya ci gaba da iyo, ga rawa mai rai ko da a hankali kake ja. In ka tsaya da ja, nan take ya taso sama. Wannan tasowa tana da amfani ƙwarai a wuraren da ciyawar kachala ta cinye, kamar hanyoyin ruwan Haɗeja zuwa Nguru: da ka ji harshe ya taɓa ciyawa sai ka sassauta, kifin ya taso ya tsallake.

Matsalolinsa ma ba kaɗan ba ne. Rimi ba ya riƙe komai. Ka murɗa masa sukuru ko ka cusa masa waya da gam, giwan ruwa na kilo 5 zai zare ta ya bar ka da itace. Dole sai an yi masa waya mai ratsa jiki: a tsaga cikin kifin da zarton ƙarfe tun daga hanci har wutsiya, zurfin ya kai tsakiyar jiki, a lanƙwasa waya guda ɗaya marar tsatsa mai kaurin milimita 0.8 zuwa 1 ta fitar da zobe uku, na hanci da na ciki da na wutsiya, a zura ta a tsagar a cike da Araldite, gam ɗin nan mai haɗi biyu. Ta haka ko itacen ya dagargaje, kifin yana maƙale a waya. Sannan yana shan ruwa kamar soso. Huda ɗaya ta haƙorin tsage ta isa, kafin la'asar ya yi nauyi ya daina rawa. Wajen samfefa kuma yakan tashi gashi-gashi, ba ya yin sumul sai an shayar da shi sufa gulu mai ruwa-ruwa ya bushe, a goge, a sake. Shafi biyu ko uku ke mayar da fatarsa ɓawo mai tauri. A kula, kada a shafa sufa gulu da auduga ko tsumman auduga, zafi yake ɗauka har ya yi hayaƙi mai yaji a ido. Leda a yatsa ta wadatar.

Kuɗi kusan babu, in an dace da reshen da ya faɗi da kansa. Sai dai rimi ya yi ƙaranci, kuma ba itacen da za ka hau da gatari ba ne. Ban da maganar hukuma da mai gona, a ƙauyuka da yawa har yau ba a son taɓa tsohon rimi, ka san abin da ake cewa yana zaune a kai. Reshen da ya daɗe a ƙasa kuma yawanci ƙwaro ya riga ka, ko ya yi baƙi-baƙi ya fara ruɓewa. Ka danna da farce: in ya lotsa bai dawo ba kamar burodi, bar shi.

Obeche

Wannan shi ne farin katakon nan marar nauyi da ake kawowa daga kudu, wanda kafintoci ke yin cikin kujeru da silin da akwatuna da shi. In ana neman shaida a kansa, ga ta: kamfanin Rapala na ƙasar Finlan, wanda Lauri Rapala ya faro da kifin da ya feƙe a 1936 daga ɓawon itace, ya naɗe da takardar ƙyallin cakulan, yana yin ƙananan kifayensa da balsa, amma manyan da ake kira Magnum, na farautar manyan kifaye, da obeche yake yin su. A can sunansa abachi. Wato itacen da suke saye daga Afirka ta Yamma shi ne yake zube a ƙasan bencin kafintan garinku.

Dalilin bai ɓuya ba. Nauyinsa ya ba da wurin dalma giram 3 zuwa 4 a kifin santimita 10 kuma ya ci gaba da iyo, rawarsa ba ta kai ta rimi zafi ba amma da kaɗan ne. Ƙwayarsa ɗaya ce ko'ina, babu wani gefe mai tauri wani mai laushi, don haka kifaye biyar da ka yanka daga katako ɗaya za su yi hali kusan ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai koyo, domin in na farko ya ƙi rawa ka san laifin siffa ne ko harshe, ba na itace ba. Yana bin wuƙa, yana yin sumul da samfefa mai lamba 120 sannan 240, yana karɓar gam da fenti. Ga shi a shirye cikin kauri daidai, ka zana siffar a kwali, ka ɗora ka bi da fensir, ka yanke da zarto.

Wajen riƙo yana tsaka-tsaki. Ga kifi ƙarami na tsage, wayar da aka murɗa kamar igiya aka cusa a rami mai zurfin santimita 2 zuwa 2.5 da Araldite tana riƙewa. Ga abin da ya kai santimita 12 zuwa sama, ko inda ake sa ran giwan ruwa, a koma waya mai ratsa jiki, kauri milimita 1.2 ko fiye. Haƙori yana huda shi, ruwa yana shigarsa, amma ba da saurin rimi ba. In an shanya shi bayan kowace fita an toshe hudojin da ɗigon sufa gulu, yana kai shekara da shekaru.

Abu biyu za a kiyaye. Ƙurar obeche sananniya ce wajen tayar da asma da atishawa da ƙaiƙayin ido ga masu aikin katako. A yi gugar a waje, iska tana kaɗawa gaba, a rufe hanci, mai asma kuwa ya nemi malaina. Na biyu, ƙwaro yana son sa. Guntun da ka ga 'yan ƙananan huji da gari yana zubowa, cikinsa rami ne. Sannan a kasuwa ba duk farin katako ne obeche ba, ana haɗa shi da wasu masu kama da shi. Gwajin roba da ruwa zai raba gardama. Kuɗinsa kuwa, ba falanki za ka saya ba. Guntayen da suka rage bayan an gama kujera, kafinta yakan bayar kyauta ko a kuɗin shayi, kuma guntu mai tsawon kamu ɗaya yana fitar da kifi biyu.

Malaina

Malaina daga Asiya aka kawo ta aka dasa a gandun daji da bakin hanyoyi, yanzu katakonta ya cika kasuwa saboda araha. Ta fi obeche nauyi da tauri, ta fi shi riƙe waya, kuma in ta bushe sosai ba ta cika kumbura ko motsi ba, abin da ke sa fenti ya daɗe a jikinta. Haƙorin tsage yana barin tabo amma bai cika nutsewa can ciki ba. A wuƙa tana da daɗi, tana fita sumul da ɗan santsi.

Abin da aka biya a madadin haka shi ne rawa. A kifin santimita 10 dalmar da za ta ɗauka ba ta wuce giram 2, don haka dole ramin dalmar ya zauna can ƙasa daf da fatar ciki, tsakanin harshe da ƙugiyar ciki. A ƙananan kifaye na santimita 6 zuwa 7 malaina takan yi sanyin jiki, sai an ja da sauri take motsi. Amma daga santimita 12 zuwa 15 lissafin yana juyawa: jikin ya yi girman da zai ɗauki dalma sosai, nauyin gaba ɗaya ya kai na jifa da hannu, ga ƙarfi. A wannan girma malaina ta fi obeche dacewa da mai zaren gwangwani.

Babban tarkonta ɗanyantaka. Malaina tana da jinkirin bushewa fiye da yadda ake zato, waje ya bushe ciki da ruwa, kuma yawancin wadda ake sayarwa ba ta daɗe da fitowa daga injin yanka ba. An ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to a wannan aiki ɗanye shi ne abokin gaba. In ka rufe ɗanyen itace da gam da fenti, ranar da ya sha zafin rana a cikin kwalekwale ruwan cikin zai nemi hanya, fenti ya yi ƙuraje ya ɗaɗɗago. Maganin shi ne a yanka guntaye, a shafa wa bakunansu narkakken kyandir don kada iskar hunturu ta tsaga su, a jera a inuwa inda iska ke ratsawa. A riƙa ɗora guda a ƙaramin sikeli duk mako. Ranar da nauyin ya daina raguwa mako biyu a jere, ya yi. Wanda ba ya son jira ya nemi ƙafar tsohon benci ko tsohuwar ƙofa.

Maɗaci, darbejiya da sauran masu nauyi

Kowa ya san ƙarfin maɗaci, shi ya sa mai farawa yakan ce bari ya yi da shi don ya daɗe. Zai daɗe, amma ba zai yi rawa ba in aka bi siffar kifi mai harshe. Lissafin da ya gabata ya nuna dalili. Ga wuyar feƙewa, domin zarensa a sarƙe yake, wuƙa tana tafiya lafiya sai ta ci karo ta ɓantare gefe. Aikin magagari ne da haƙuri, kuma nan ne aka fi yanke yatsa saboda ana danna wuƙa da ƙarfi. Darbejiya, wadda mutanen Haɗeja ke kira maina, halinsu ɗaya, ta ƙara da saurin tsagewa wajen bushewa. Aduwa da ake allo da ita ta fi su laushin ƙwaya, amma nauyin yana nan.

Duk da haka suna da gurbinsu. Kifi marar harshe, siriri, mai nutsewa, wanda ake jefawa nesa a bar shi ya sauka sannan a riƙa fizgarsa da kan sanda, da itace mai nauyi ya fi kyau. A sa masa dalma giram 3 zuwa 5 a ƙasan ciki don ya sauka a miƙe, a bar bayansa da ɗan faɗi. Yana ratsa iska, yana kaiwa inda mai sauƙi ba ya kaiwa, sukuru ko murɗaɗɗiyar waya suna zama daram, tsage kuma sai dai ya kankare fenti. Haɗarinsa ɓata. Madatsun ruwa irin Tiga, da aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, da Challawa ta Ƙaraye da ta biyo baya a 1992, ƙasa ce da ruwa ya rufe, akwai duwatsu da kututture a ƙasa. Mai iyo in ya maƙale yakan taso in an sassauta. Mai nutsewa in ya maƙale, sai dai ka yi masa addu'a.

Danya, wadda ake akushi da ita, tana tsakanin malaina da maɗaci. Tana feƙuwa da daɗi, ta dace da manyan kifaye masu nutsewa a hankali, amma ƙwaro yana cinta kuma sai ta bushe sosai. Kuka da gwanda ba itacen sassaƙa ba ne, kirya da marke kuma a bar wa turmi da ƙota.

| Itace | Nutsewa a ruwa (cikin 10) | Sauƙin feƙewa | Riƙe waya da jure haƙori | Shan ruwa | Kuɗi da samuwa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Rimi | kusan 3 | sosai | rauni | sosai | kyauta, amma da wuyar samu | jiƙewa, zarewar waya |
| Obeche | kusan 4 | sosai | tsaka-tsaki | tsaka-tsaki | araha, wurin kafinta | ƙura mai tayar da asma, ƙwaro |
| Malaina | kusan 5 | da sauƙi | mai kyau | kaɗan in ta bushe | araha, ko'ina | ɗanyen katako |
| Danya | kusan 6 | da sauƙi | mai kyau | tsaka-tsaki | wurin masassaƙa | ƙwaro |
| Maɗaci, darbejiya | 7 zuwa 8 | da wuya | sosai | kaɗan | guntaye a araha | rashin rawa, ɓata a ƙasan ruwa |

Laifin da ake ɗora wa itace alhali ba nasa ba ne

Sau da yawa mutum zai ce obeche bai yi ba, ya koma malaina, ita ma ta ƙi, ashe harshe ne a karkace. Tsagar harshe dole ta zauna daidai, ba ta kallon dama ko hagu, shi ya sa ake yanka ta tun katakon yana da kusurwa huɗu, kafin a fara zagaye jiki. Haka ramin dalma da layin tsakiya, duk a lokacin ake yin su. Harshen da ya sunkuya rabi, tsakanin miƙewa gaba da kallon ƙasa, yakan tafi da kifin zurfin mita 1 zuwa 1.5. In ya fi miƙewa gaba ya fi nutsewa, in ya fi kallon ƙasa ya tsaya kusa da sama yana kaɗawa da faɗi. Ana yanka shi daga falle na alminiyom mai kaurin milimita 1, ko bututun roba na ruwa da aka gasa aka danne ya miƙe. Faifan CD yana ruɗar mutane saboda ƙyalli, amma yakan ɓare ya karye a dutse na farko.

Kafin fenti a gwada. A rufe itacen da sufa gulu ko banish da aka tsinka, a rataya ƙugiyoyi, a manna dalma da salatif, a ja a kududdufi ko randa mai faɗi. A matsa dalmar gaba ko baya har rawar ta yi, sannan a binne ta. In kifin yana zamewa gefe ɗaya, a lanƙwasa zoben hanci da filaya zuwa ɓangaren da ake so ya koma, kaɗan ƙwarai, kamar kaurin gashi, a sake gwadawa.

Wajen ado, ƙyalli ya fi zane. Salatif ɗin alminiyom na masu gyaran firji, a manna a gefe biyu a murje da bayan cokali, a yi baya baƙi ko shuɗi, ciki fari, ɗan ja a maƙogwaro, ya wadatar. Ido babba yana taimakawa. Rufin ƙarshe da Araldite mai jinkirin kamawa ake yi, ba mai minti 4 ko 5 ba, domin mai saurin ba ya ba da lokacin bajewa, yana yin rawaya, da bazara ma kafin ka gama shafawa ya daskare. A riƙa juya kifin lokaci-lokaci har gam ya daina gangarowa, a bar shi kwana guda inda ƙura ba ta kaiwa. Kuma ko da wane itace aka yi, in tsage ake nema sai an sa waya kamu guda tsakanin zare da kifi, in ba haka ba aikin mako guda zai tafi a cizo ɗaya.

Dalma guba ce, musamman ga yara. Abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga dutsen zinare ta kashe ɗaruruwan yara, ya isa gargaɗi. Kada a narka ta a cokalin girki ko a tsakar gida, kada a datse ta da haƙori. Dalmar birgi, wato ragar jefawa, da ake sayarwa a shirye, a yanka da filaya a bubbuga ta shiga rami, a wanke hannu kafin cin abinci. Ƙwallayen boris na keke suna maye gurbinta, sai dai ƙarfe bai kai ta nauyi ba, ramin zai fi girma, wanda a rimi da obeche ba matsala ba ne amma a malaina wurin ya yi kaɗan.

Wa ya dace da wanne

Wanda bai taɓa yi ba ya fara da obeche, santimita 9 zuwa 10, ya yanka biyar lokaci ɗaya daga katako ɗaya, ya bambanta harshensu kawai. Mai asma ya yi haka da busasshiyar malaina, ya ƙara tsawon zuwa 12.

Mai sanda da injin zare da yake bin gefen kachala da ruwa marar zurfi a wajen Haɗeja, Ringim ko Wudil, yana neman tufi da ƙananan tsage, rimi ne nasa in ya samu mai kyau kuma zai iya wahalar waya mai ratsa jiki. In bai samu ba obeche ya tsaya masa. Da su ne kuma ake yin marar harshe mai kwarmin baki, wanda ke tafiya a saman ruwa yana fantsama.

Mai jifa da hannu daga gaɓa ya nemi malaina ko danya, santimita 12 zuwa 15, nauyi giram 25 zuwa sama. Mai kwalekwale da zai ja a baya a Tiga ko Challawa don giwan ruwa, obeche ko malaina babba, waya mai kauri mai ratsa jiki, ƙugiyoyi da zobba masu ƙarfi, domin a nan ƙarfe ne yake fara buɗewa kafin itace ya gaza. Maɗaci da darbejiya na wanda ya riga ya san ƙasan ruwansa ne, yana son jifa mai nisa cikin iska, kuma ba zai yi baƙin ciki ba in ya bar biyu ko uku a jikin kututture.

Duka dai da ido da motsi kifin ƙarya yake kamu, don haka a tsakiyar damina da ruwa ya yi ja ba ya tasiri sosai. A sare a shanya da hunturu, a feƙe da bazara, a jira ruwa ya kwanta daga Oktoba. Ruwan da ke da sarkin ruwa kuma, musamman wanda ake rufewa sai ranar su, wato kamun kifi na gayya, a nemi izini kafin a jefa ko da na gwaji ne.